Shingen da Ba Ya Son Aski

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina aski, kuma ban taɓa barin wani ya fita daga shagona da gashi ɗaya a tsaye ba. Na faɗi wannan tun farko ne don a san irin mutumin da aka damƙa wa shinge.

Shekarar da na rufe shago ita ce shekarar da idon matata ya tafi. Ciwon sukari ne ya ci shi a hankali, har ta daina bambance taga da bango. Muka koma wani ƙaramin gida a sabuwar unguwa kusa da 'yarmu Auta, inda duk inda ka juya siminti ne da wayar ƙarfe. Matar da a da in ta fara ba ka labari sai shayinka ya huce, ta koma bakin gado ta yi shiru. In na ce ta fito ta sha iska sai ta ce, "In fito in ga me, Malam?" Wata safiya ta ƙara da cewa, "Unguwar nan ko tsuntsu ba ya kuka." Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na ga alamar zan rasa ta alhali tana zaune a gabana.

Auta ce ta kawo dashen, guda goma sha huɗu a baƙaƙen ledoji. Ta ce mai sayarwar ta tabbatar mata itacen ba ya tsoron sanyi ko ƙishirwa, ba shi da ƙaya, yana zubar da ganye lokacin sanyi ya sake sabo, kuma in ya yi 'ya'ya tsuntsaye har faɗa suke yi a kansu. Na haƙa ramuka daga bakin ƙofar ɗaki har ƙofar gida, taku guda tsakanin kowane biyu, na zuba taki, na dasa, na dage da ban ruwa.

Suka kama, suka tashi. Da na ga rassa sun fara miƙewa ko'ina kamar kan yaron da ya yi wata uku yana gudun aska, sai hannuna ya fara ƙaiƙayi. Na sayo ƙaton almakashi. Duk mako sai na yi wa shingen saisaye, in daidaita sama, in goge gefe, in ja da baya in karkata kai in duba, in dawo in cire reshen da ya yi taurin kai. Masu wucewa har tsayawa suke yi suna yabawa. Shekara uku ana haka. Shinge ya yi kyau kamar da rula aka zana shi, amma babu fure, babu ɗa, tsuntsu kuwa ko na magani.

Na kwashi fushina na tafi lambun mai dashe. Mace ce sa'ar Auta, takalman robanta duk laka.

"'Yata," na ce mata, "kin sayar mana da itace juya."

Ba ta yi musu ba. Da ta tashi daga aiki ta zo gidan a kan babur, ta zaga shingen, ta durƙusa ta tsinci wani reshe cikin waɗanda na yanke jiya, ta daɗe tana juya shi.

"Baba, don Allah, mece ce sana'arka?"

"Aski."

Ta yi dariya har sai da ta dafa babur ɗin. Sannan ta nuna mini wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin reshen. "Ka ga waɗannan? Furenka ne. Itacen nan a jikin reshen bara yake fure, kai kuma ba ka barin reshe ya yi wata, balle ya shekara. Ka ba shi shekara guda cur babu almakashi. Ganyen da ya zubo ma ka bar shi a gindi. In ya gama 'ya'ya ka cire tsofaffin rassa biyu ko uku daga ƙasa, shi ke nan."

Wanzami ba ya son jarfa. Na tsaya ina ta kame-kame, ina cewa ai tsafta ma wani abu ce. Ta saurare ni cikin ladabi, da na gama ta ɗauki almakashin ta ɗaure a bayan babur. "Zan ajiye maka, Baba," ta ce, ta tafi abinta.

Ban taɓa shan wuya irin ta wannan shekarar ba. Shinge ya yi buzu-buzu, rassa suka leƙo kan hanyar da muke bi. Maƙwabcina, wani tsohon direban bas da baki ba ya masa ciwo, kullum sai ya leƙo. "Mai aski, shingenka ya yi maka yaji ne, ko kai ka yi masa?" Akwai ƙaramin almakashina na shago a aljihun tebur. Sau biyu ina ɗauko shi in mayar.

A wata na uku matata ta kira ni. "Malam, lafiyarka kuwa? Na daina jin almakashi."

Rabon da ta yi mini tambaya har na manta. Na zauna na gaya mata gaskiya, cewa shekara uku ni ne nake yanke mata tsuntsayenta da hannuna. Sai ta ce, "Hali zanen dutse. Ni mamakina ma yadda ka bar yaranmu suka girma ba ka daidaita tsawonsu ba." Ba ta yi dariya ba, amma ni na ji daɗin gorin nan har raina.

Sanyi ya shigo, ganye ya yi ja ya zube, aka bar ni da tsirarun sanduna kamar tsohuwar tsintsiya. A da ma yakan zube, amma a daidaice yake, ba ya ba ni kunya. Direba ya ce in ina son taimako wajen tumɓukewa yana da diga. Aski ya zo gaban goshi, na kira mai dashe a waya na ce ina jin shawararta ta kashe mini shinge. Ta ce in kankare bayan reshe da farce. Na kankare, na ga kore shar a ciki, na ba ta haƙuri. Yarinyar nan ta yi haƙuri da ni fiye da yadda na taɓa yi da kowa, Allah ya saka mata da alheri.

Da sanyi ya wuce, fure ya riga ganye fitowa, fari tas daga wannan ƙarshen zuwa wancan. Ƙudan zuma suka cika wurin har matata ta tambaya daga ɗaki ko wani ne ya kunna inji. Fure ya kaɗe, 'ya'ya suka fito ƙanana, suka yi ja, suka koma baƙi-baƙi. Sai ga gwara, sai ga kurciya, sai ga wasu masu doguwar wutsiya da ban san sunansu ba. Na buɗe mata taga, amma ban ce ta fito ba. Na koyi barin abu ya yi a lokacinsa.

Wata safiya na je sayo burodi. Da na shigo na rufe ƙofar gida sai na gan ta a tsakar gida, ba sanda, ba kowa. Rassan nan da suka leƙo kan hanya, waɗanda na yi ta jin haushinsu, su take bi da hannu ɗaya bayan ɗaya, ta saki wannan ta kama na gaba. Ta riga ta wuce rabi. Yatsunta da leɓenta sun rine da ruwan 'ya'yan.

"Uwar Auta!"

"Yi shiru, Malam, za ka kore su," ta ce. "Iri huɗu ne. Akwai wani ƙarami a ƙasa mai tsiwar tsiya, shi yake korar manyan."

Na tsaya da burodi a hannu ina hawaye kamar yaro, ina gode wa Allah a zuciyata, ina murnar ba ta ganin fuskata. Ta ci gaba da tahowa har hannunta ya bar reshe na ƙarshe ya taɓa ƙarfen ƙofa.

"Buɗe mini."

"Ina za ki?"

"Gidan Auta. Shekara huɗu ita take zuwa, yau ni zan je."

Na ɗora burodin a kan katanga, na buɗe ƙofar, na ba ta kafaɗata ta dafa.