Rijiyar Zartsi ta Ɗanlahadi

Duk wanda ya san Pauwa ya san rijiyar Ɗanlahadi. Shi da mahaifinsa suka haƙa ta, gaba goma sha huɗu, tun yana saurayi. Da ruwa ya fito sai aka tarar zartsi ne, wato mai ɗanɗanon gishiri da kanwa, ba ya shayuwa ga ɗan Adam. An yi musu dariya har an gaji. Amma shanu ba su san dariya ba. Makiyaya daga Faskari har Sabuwa suka riƙa koro garkensu don su sha wannan ruwa, su kuma bar masa taki a gona. Shekara arba'in dawar Ɗanlahadi ba ta taɓa kunyata shi ba.

Sai ɗan ƙanensa Samuel ya dawo daga jami'a da ilimin duwatsu da baki mai ƙaiƙayi. Ranar kasuwar Kankara ya zauna a teburin mai shayi, yana ba mutane labarin yadda ake samun yuraniyom, ma'adinin nan mai tsada. Ya ce can cikin ƙasa akwai ruwan gishiri mai zafi da ke narkar da shi daga jikin dutse, ya ɗauke shi ya bi tsagogi, in ya tarar da wurin da ya dace ya sauke shi ya taru. Wani ya tambaye shi ko ruwan gishirin nan shi ne zartsi. Samuel ya kurɓi shayi, ya ce kusan haka ne.

Kusan haka ne! Bai ce musu nisan wurin ya fi tafiyar Pauwa zuwa bakin titi ba, a miƙe zuwa ƙasa. Bai ce abin ya faru tun ba a halicci kakan kowa ba. A ƙasar nan kuwa zartsi ɗaya aka sani, kuma kowa ya san mai shi.

Kafin kasuwa ta sake zagayowa, makiyaya sun ɗauke ƙafa, don sun ji cewa abin guba ne mai kashe shanu. Maharazu kuma, wani tsohon mai haƙar farar ƙasa, ya iso da mutum ashirin a kan babura, kowa da dagi da shebur. Ba sallama, ba neman izini. Suka afka wa dawar da ta fara fitar da kai, suna rami a nan, rami a can. Ɗanlahadi ya je wurin mai unguwa, aka ce ya yi haƙuri, arzikin ƙasa na kowa ne. Ya dawo zuciyarsa na tafasa, ya tarar sun fara rami dab da bakin rijiyar, wai za su bi ruwan har inda ya ajiye kayan.

Ya yi musu rantsuwa da kabarin ubansa cewa shi ya shiga cikin rijiyar nan da ƙafarsa, ba komai sai laka da kanwa. Maharazu ya yi murmushi, ya ce ai mai dukiya haka yake faɗa.

Samuel dai ya ɗebi ruwan a gora ya hau mota, wai zai kai a auna. Kwana tara ba labarinsa. A kwana na goma Ɗanlahadi ya duba ya ga rabin gonar ya tafi, kuma muddin ruwan nan yana nan, mutanen nan ba za su tashi ba. Da hantsi, a gaban idonsu, ya ɗauki shebur ɗin ɗaya daga cikinsu ya fara tura ƙasar ramukansu cikin rijiyar. Matarsa Kyauta ta riƙe masa hannu tana kuka, ya fizge. Wuni biyu yana yi. Mai haƙar rijiya yana cike rijiya, abin ko kallo ba daɗi. Da ruwan ya ɓace, su Maharazu suka zage shi tas, suka hau baburansu.

Washegari Samuel ya sauka daga mota yana ɗaga takarda, fuskarsa wasai.

"Baba, an auna. Ba komai ciki, kanwa ce kawai."

Ɗanlahadi ya dube shi. Ya ji kamar ya shaƙe shi, amma ɗan ƙanensa ne, shi ya sayar da akuyoyi ya kai shi makarantar.

"Mi ka ce? Kanwa? Ni za ka hwaɗa ma kanwa ce? Tun ba a haihe ka ba shanu suka auna ta."

Samuel ya hango tudun jar ƙasa a inda rijiya take, takardar ta sauka daga sama a hankali. Ya fara cewa shi ba haka yake nufi ba, maganar wasu ƙasashe yake yi.

Tsohon ya shiga ɗaki, ya fito da dagin mahaifinsa, wanda ƙotarsa ta yi sumul don riƙo. Ya jefa shi gaban takalman Samuel.

"An ce ka san abin da ke ƙarƙashin ƙasa. To, gaba goma sha huɗu ne. Tuɓe rigar."