Cikin Ganga Ya Dawo

Na tarar da shi tsaye gaban madubin kabad, ya naɗe riga har hammata, yana shafa cikinsa kamar mai duba kaya kafin ya saya. Matarsa na zaune bakin gado. Ita ta aiko a kira ni.

"Dokta, kai ka yi masa magana," in ji ta. "Ni bakina ya gaji."

Ni ba likita ba ne. Ilimin ƙasar noma na karanta a waje har digirin dokta, amma tun da na dawo da wannan laƙabi, duk mai ciwo a layinmu ƙofata yake fara bugawa. Na daina gyara musu.

Ganga maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ta raba mu. Tun ina yaro yake wasan barkwanci a fim da talabijin, kuma wasan nasa ɗaya ne: ƙaton mai tumbi da in ya hango abinci sai ya ɗaga riga ya kaɗa cikinsa da tafin hannu. Daga nan sunan ya fito. Saboda wannan wasa ya ajiye aikin gidan waya, mahaifinsa ya rasu bai sake yi masa magana ba.

Ina waje ciwon hanta ya kama shi. Ya rame har tumbin ya tafi. Matarsa ta ɗinka wa filo igiyoyi, yana ɗaurawa a ƙarƙashin riga. Amma filo ba ya amo, kuma ba a ɗaga riga a kansa. Masu fim suka daina kira.

Yanzu ga ciki ya dawo, ya ma fi na da, a kan ƙafafu kamar sanduna. Ruwa ne. Likita ya ce a kawo shi a zuƙe kafin makon ya fita. Ana cikin haka wani darakta ya hango shi a ƙofar gida daga cikin mota, ya sauko yana cewa ashe Baba ya murmure, akwai fitowa ɗaya da zai ba shi a makon gobe.

Na maimaita wa Ganga abin da likita ya faɗa. Ya saurare ni har na kai aya.

"Ka gama? To in suka zuƙe, me zan kai wa darakta? Fuskata? Tun da na fara sana'ar nan ba wanda ya taɓa zuwa don ya ga fuskata. Ko wannan," ya nuna matarsa da haɓa, "tumbin ta aura."

"Allah ya shirye ka, Malam," ta ce. Ba ta yi dariya ba.

Na ce masa jinkirin na iya kashe shi. Ya tambaye ni ko zuƙewar warkarwa take yi. Na ce a'a, sauƙi ne kawai.

"Ka ji. Ruwa ko an zuƙe zai dawo. Darakta kuwa ba ya dawowa."

Ya sauke rigarsa. Da ranar ɗaukar fim ta zo ni na kai shi, don ni ke da mota.

Wani gida masu fim suka kama haya, falon cike da wayoyi da fitilu, an kashe fanka saboda sauti. Samarin da ke aikin ba su san shi ba. Ɗaya ne ya gaishe shi, ya ce kakarsa na son wasansa. Aka ba shi kujerar roba a baranda, muka yi ta jira har inuwa ta juya. Numfashinsa sama-sama yake, ba ya iya jingina.

A nan ya ba ni labarin sau ɗaya da aka ba shi wasan kuka: uban da ɗansa ya mutu. Ya ce ya daɗe yana shiri, har ya yi kukan gaske gaban madubi. Yana shigowa, kafin ya buɗe baki, mai kyamara ya fashe da dariya, sauran suka bi. Aka ba wani.

"Ɗana, in mutane suka so ka da abu ɗaya, sun ɗaure ka da shi ke nan. Ka lura da abin da za ka fara ba su."

Aka kira shi. An ajiye tire cike da abinci a kan tebur. Ya shigo da tafiyarsa ta da, yana rangaji, ya zare ido, ya ɗaga riga. Fatar na sheƙi, jijiyoyi sun yi raɗa-raɗa, cibiya ta turo waje. Ya kaɗa. Amon ya fito kamar an bugi jiƙaƙƙen buhu. Ba wanda ya yi dariya. Darakta ya ce a sake. Ya ƙara ƙarfi. Aka sake, aka sake, har sai da ya dafa tebur ya tsaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

"Ya yi, Baba, ya yi kyau sosai," in ji darakta.

Ya ja ni bayan ƙofa. Ya ce idon Baba ya yi rawaya, kyamara ta kama, kuma wannan ciki ba abin dariya ba ne. Akwai wani ƙaton saurayi da za su sake ɗauka da shi. Ya roƙe ni kada in gaya masa.

A mota Ganga sai hira yake, hannu ɗaya riƙe da ƙugu. Ya tambaye ni ko na ga mai riƙe fitila yana danne dariya. Na ce ban lura ba.

"Kai dai an kai ka waje an cire maka dariya, an dawo mana da saura."

Washegari zazzaɓi ya rufe shi, cikin ya yi tauri, ko zani ba ya so ya taɓa shi. A asibiti suka ce ruwan ya ɓaci. Suka soka bututu, roba na cika ana sauya wata. Da aka gama, mayafin ya kwanta a kansa shafal.

Ya yi 'yan kwanaki. Duk wanda ya zo dubiya sai Ganga ya ce masa ya saurari fitowar fim ɗin. Ranar ƙarshe ya dubi inda cikin yake, ya dubi matarsa.

"Ninka min bargon nan ki ɗora. Kada wani ya shigo ya ga ba komai."

Ta ninka ta ɗora. Da yamma ya cika.

Fim ya fito bayan damina. Saurayin yana da tumbi mai amo, kuma ya iya zare ido. Yanzu shi yaran layinmu ke kwaikwayo, shi suke kira Ganga. Matar marigayin ba ta taɓa tambayata abin da ya faru a wurin ɗaukar ba.

Jiya ta wanke kayansa. Igiyar shanya ta cika, sai ta ɗora filon a kan katanga. Igiyoyinsa sun sauko ta gefenmu, suna ɗigar ruwa a kan siminti.