Hular da Glenys Ta Yi wa Fenti

Duk yankinmu babu wanda bai san kan Merv Tregenza ba. Ba maganar ilimi nake ba, maganar girma nake. Kai ne na gaske, irin wanda in ya shiga shagon huluna mai shago yake fara ba da haƙuri tun kafin a gaisa. Hular kwanon da yake tseren mota da ita ma sai daga birnin Adelaide aka yo masa odarta, ya yi wata da watanni yana jira. Shi ya sa yake lallaɓa ta kamar ƙwai, kullum tana cikin jakarta a saman kabad, ba ta ganin rana, ba ta shaƙar fetur.

Tseren namu ba irin na talabijin ba ne. Manoman sha'ir ne da masu kiwon tumaki da wani likitan haƙori guda, kowa da tsohuwar motarsa, a hau tudun gonar su Pengilly ɗaya bayan ɗaya a ga wanda ya fi sauri. Merv tun yana saurayi yake hawan tudun nan. Matarsa Glenys kuwa tun tana amarya take roƙonsa ya bari, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa zuwa kallo ba. Ranar tsere sai ta kama goge tagogin da ta goge jiya, ba ta zama sai ta ji ƙarar motarsa a ƙofar gida. Bana da gwiwa ta fara yi masa gardama, ya ɗaga hannu ya yi mata alkawari: tseren wannan Lahadin shi ne na ƙarshe. Ita kuma ta ce to, tunda na ƙarshe ne, za ta zo ta gani da idonta.

Zo ka ga murna wajen tsoho! Ya wanke mota, ya sake wanke ta. Duk wanda ya haɗu da shi a gidan mai sai ya ce masa, "Ka ji labari? Glenys za ta zo."

Da safen Lahadi yana shan shayi, ta ajiye jakar hular a gabansa, tana ta ɓoye murmushi kamar yarinya.

"Buɗe mana, tsoho."

Kafin ya gama zuge jakar wari ya buge shi. Hularsa fara ta koma ja jawur, jan tarakta, domin ragowar fentin taraktarsu ne. A gefe an zana lambar motarsa da ruwan ɗorawa, a goshi zangarniyar sha'ir biyu, ɗaya ta ɗan karkace.

"Duk yammar da ka tafi gona nake yi kaɗan kaɗan," in ji Glenys. "Ta ba ni wahala fa. Fentin ya ƙi kamawa, sai da na bi ta da samfefa, na wanke ta da tina, ruwan nan mai narkar da fenti. Waɗannan takardun da aka lilliƙa a ƙeya duk na kankare su. Akwai ma wani ɗan ƙyalle a ciki da ya yi baƙi ƙirin da guminka, na yanke shi na yar. Ƙazami kawai."

Merv ya ƙura wa hular ido. Ƙoƙon hular nan na roba ne, kuma tina da fentin ƙarfe cinye irinta suke a ɓoye; a ido ka gan ta garau, ranar da ta daki dutse ta tarwatse. Ɗan ƙyallen da aka yar kuwa shi ne shaidar cewa an gwada hular ta cika ƙa'ida, shi mai duba kaya yake fara nema. Ya ɗago zai yi magana, sai idonsa ya faɗa kan hannunta. Har yanzu akwai jan fenti a gefen farcenta, ga wata 'yar kwarzana a babban yatsa.

"Ba ta yi ba?" ta tambaya.

"Ta yi, tsohuwa," in ji shi. "Ban taɓa ganin mai kyanta ba." Kuma har ga Allah gaskiya ya faɗa.

Suna isa fili Glenys ta nufi rumfar shayi da kek ɗin da ta toya, shi kuma ya rungumi jaka ya nufi tantin dubawa yana jan ƙafa. Mai duba motoci da huluna a ƙungiyarmu Des Hocking ne, ƙanen Glenys, wanda tsakaninsa da Merv tsiya ce tun ranar ɗaurin aure.

"A'a, ga mai kan kabewa!" in ji Des. "Kawo tukunyar mu gani." Ya zaro hular, ya shinshina, ya leƙa ciki, ya juya ƙeya. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Wane mahaukaci ne ya yi wannan aikin?"

"Yayarka."

Des ya ajiye hular a hankali.

"Suruki, ka rufa min asiri," in ji Merv ƙasa ƙasa. "Hawa ɗaya ne. Zan bi a hankali kamar mai kai ƙwai kasuwa."

"Kai? A hankali? Kai da ko keken kanti ka tura sai ka yi tsere da shi? Ba zan sa mata hannu ba, Merv. In ka kife a kwanar madatsar ruwa, ni zan je in gaya wa Glenys cewa na ga hular na kau da kai?"

"To aƙalla kar ka ce fentin ne. Ka ce ta tsufa."

"Ka san ban iya ƙarya ba."

"Yau ka koya."

Abin da ya rage shi ne aron hula. Merv ya so ya yi abin a ɓoye, amma a filinmu ko tari ka yi a gindin tudu, kafin ka rufe baki an sani a sama. Nan da nan maza suka yi layi, kowa da hularsa a hannu. Ta likitan haƙori ta tsaya masa a saman kai kamar murfin tukunya. Ta Bluey Pengilly ta shiga rabi, ta naɗe masa kunnuwa, sai da mutum biyu suka ja kafin ta fita. Wani ya ce a shafa masa man shanu, wani ya ce a kawo bokitin tatsar madara. Daga ƙarshe aka samo wata ƙatuwa a bayan motar wani, ta shiga daidai, aka sa tafi. Des ya leƙa ciki, ya ga soson ya ruɓe yana zuba kamar garin burodi, ya girgiza kai.

Wannan hayaniyar ce ta fito da Glenys daga rumfa, riƙe da wuƙar yanka kek.

"Me ake yi wa mijina? Ina tasa hular?"

Kowa ya kama kallon takalminsa. Des ya yi gyaran murya. "Yaya, hular ce… ta tsufa. Kwananta ya ƙare. Haka doka ta ce."

Glenys ta dube shi sama da ƙasa. "Desmond, kunnenka ya yi ja. Tun kana satar biskit a gwangwanin Mama haka yake yi. Faɗa min gaskiya."

Des ya dubi Merv, Merv ya dubi sama. Sai Des ya faɗa mata komai, a tausashe, da tinar da samfefar da ɗan ƙyallen.

"Wato da ya faɗi da ita a kansa…"

"Ba lallai ta tare komai ba, Yaya."

Ta juya ga mijinta. "Kuma ka sani tun da safe."

"Na sani."

"Ka zo nan kana roƙon wannan ya bar ka ka hau da ita?"

"Ke kika yi min," in ji Merv. "So nake ki gan ni da ita."

"Sakarai," in ji ta. "Babban sakarai, mai babban kai."

A ƙungiyarmu akwai al'ada: hular da ta faɗi a dubawa ba ta komawa gida da maɗaurinta. Ana yanke shi a gaban mai ita, don kar wata rana wani ya tsince ta a rumbu ya ɗora wa kansa. Des ya ɗauko almakashi, amma ya tsaya yana jujjuya shi, ya kasa. Glenys ta ajiye wuƙar kek ta karɓe almakashin. Maɗaurin yana da tauri, sai da ta sa hannu biyu. Da ya rabu, ta ajiye shi a kan tebur, ta share ido da bayan hannu, ta ce wa taron, "To me kuke kallo? Ba tsere kuka zo ba?"

Haka Merv ya mayar da motarsa kan tirela, wankakkiya fes, ko tayar da ita bai yi ba. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ba sai an faɗa ba. Amma ya ɗauko kujeru biyu, ya kai su bakin shinge wajen kwanar madatsa, inda aka fi ganin komai. Ya sayo musu burodi da nama da albasa, suka zauna.

Motar farko ta Bluey ce. Ta taho tana kuka, ta shiga kwanar a karkace, tsakuwa na tashi har kan shinge. Glenys ta damƙe hannun Merv har sai da ya ce wash.

"Haka kake yi? Da irin wannan gudun?"

"Wa, Bluey? Ai Bluey tsoro gare shi. Dubi inda ya taka birki, tun daga bishiyar can. Ni sai na wuce wancan turken nake takawa." Ya miƙe tsaye bai sani ba, yana nuna mata da burodin a hannunsa, yana kwatanta yadda ake sakin bayan mota ta zame sannan a kamo ta. Fuskarsa ta yi haske, albasa na zuba a kan takalminsa. Glenys ta bar kallon motoci, ta koma kallonsa. Shekara da shekaru suna tare, ba ta taɓa ganin wannan fuskar ba.

Da ya zauna, ya ɗan yi ajiyar zuciya ya ce, "To, shi ke nan dai. Alkawari alkawari ne."

Wata motar ta wuce, Glenys ta runtse ido har ƙarar ta yi nisa.

"Yaushe ne na gaba?"

"Bayan girbi. Me ya sa?"

"Gobe ka buga wa mutanen Adelaide waya. Ka ce su yi maka sabuwa, irin wadda Desmond zai leƙa ya rasa abin faɗa."

"Glenys, na yi miki alkawari."

"Hawan ƙarshe ka yi min alkawari, kuma ban gan shi ba." Ta riƙe hannunsa gam. "Tsoro nake ji, Merv, kamar in mutu. Amma ba zan yarda a ce gwangwanin fentina ne ya sauko da kai daga tudun nan ba. Ka hau, ka wuce turkenka, ka sauko min da kanka lafiya. A nan zan zauna."