Baƙin Littafin Kurakurai

Ban gama ɗaura ɗankwali ba Yaya ta faɗo ɗakin ko sallama babu, ta zaro baƙin littafin daga jakata, ta cusa shi ƙarƙashin katifa, ta zauna a kai.

"Yau ko sama da ƙasa za su haɗu, wannan abin ba zai bi ki ba," in ji ta. "Ganawar ɗaukar aiki za ki, ba filin hisabi ba."

Littafin kurakuraina ne. A makarantar da na yi ba a jarrabawa, ba a ba da maki, babu na ɗaya babu na ƙarshe. Wani injiniya ne da ya yi ritaya ya buɗe ta a cikin tsohon sito, mu kuwa Tsoho muke ce masa. Babanmu ya kai ni can ne saboda ya gaji da sayen rediyo ina kwancewa. Ranar da ka shiga, Tsoho zai miƙa maka sukuddireba da baƙin littafi. Lissafi a jikin fanka da injin ban ruwa muka koye shi. Duk abin da ka ɓata sai ka rubuta: me ka yi, me ya jawo, yaya aka yi ka gane. Ranar Alhamis a zauna a da'ira, kowa ya karanta nasa da ƙarfi, a yi dariya, a gyara. Wanda littafinsa ya fi kauri shi ake gani da daraja. Da muka gama, takarda ɗaya tal aka ba mu, mai cewa wance ta yi shekara shida tare da mu, a tambaye ta littafinta.

Shekara uku ke nan ina aikin wucin gadi a sashen gyaran na'urori na wani asibiti. Hannuna ya fi faɗawa a kan kwalbar jarirai, na'urar nan da ake kwantar da bakwaini a ciki don ya samu ɗumi. 'Yata ta kwana arba'in da biyu a cikin ɗaya, shi ya sa har yau 'Yar Kwalba ake ce mata. Yanzu an buɗe gurbi guda na dindindin, kuma ma'aikacin dindindin ne kaɗai ke da ikon saka ɗansa a ɗakin reno na asibitin, wanda tagarsa ke kallon ƙofar wajen aikinmu. Ni kuwa kullum a gidan maƙwabciya nake barin yarinyar, mace mai 'ya'ya bakwai da dutsen guga da ba ya barin ƙasa. Watan jiya na dawo na tarar da bayan hannunta ya yi bororo. Babanta direban babbar mota ne, sai ya yi sati uku ba mu gan shi ba. Ba kujera nake nema ba, tagar nan nake nema.

"To mu sake," in ji Yaya. "Idan suka ce mene ne rauninki?"

"Ina da son aiki, har ba na sanin lokacin tashi."

"Ki faɗa kamar da gaske mana! Kin wani turɓune fuska kamar an ɗura miki maɗaci. Kowa haka yake faɗa, kuma kowa ya san ƙarya ce, su ma masu tambayar sun sani. Gaisuwa ce kawai."

Mu biyu ne a bencin jira, ni da wani saurayi mai kwat da fayil ɗin da ya kusa fashewa don takardun shaida. Da aka kira ni na tarar da mutum uku a bayan tebur: matar ofishin ma'aikata da gilashinta a kan hanci, Oga shugaban sashenmu, da Babbar Nas mai kula da ɗakin jarirai.

Matar ofis ta ɗaga takardata da yatsa biyu, ta juya bayanta ko akwai ragowar rubutu.

"Ina sakamakon?"

"Shi ke nan, ranki ya daɗe. Ba a ba da maki a can."

"Makaranta ce ko gareji?"

Oga ya yi gyaran murya ya ce hannuna yana da kyau, shekara uku ba a taɓa dawo da aikina ba. Na ji sanyi a raina. Aka tambaye ni kan injin tsotso mai zuƙe majinar majiyyaci, da abin da zan fara dubawa idan na'ura ta ƙi tashi, na amsa ba gargada. Har na fara hango 'Yar Kwalba a tagar nan tana ɗago min hannu.

Sai Babbar Nas ta ce, "Kin taɓa yin kuskure a bakin aiki?"

Ba haka Yaya ta tsara tambayar ba. Da rauni Babbar Nas ta ce, da na karanto haddata. Amma kuskure ta ce, kuma shekara shida na Alhamis suka riga ni buɗe baki.

"Guda nawa kuke so?"

Oga ya runtse ido.

"Ɗaya ya isa," in ji Babbar Nas.

"Bara, kwalba mai lamba huɗu. Na canza mata na'urar auna zafi, ban gwada ta da ma'aunin hannu ba, saboda lokacin tashi ya yi kuma ina saurin ɗauko 'yata. Na mayar da ita ɗakin jarirai. Sai da na kai bakin titi na tuna, na komo da gudu. Tana nuna talatin da shida, alhali cikinta ya kai talatin da takwas. Allah ya taimaka ba a saka kowa ba. Tun daga ranar, duk kwalbar da na taɓa sai na manna mata jar takarda, ba na cirewa sai na gwada sau biyu."

Biron matar ofis ya hau gudu a kan takarda.

"An shigar da rahoto?" ta tambaya ba tare da ta ɗago ba.

"Na rubuta a littafina, kuma na faɗa wa Oga."

Tari ya sarƙe Oga, sai da aka miƙa masa ruwa.

A baranda ya cim min. "Ke wace irin halitta ce? An ce ki yi tsalle, kin haƙa rami kin shiga, kin kuma jawo ƙafata! Abin da ba wanda ya sani?"

"Tambayata aka yi, Oga."

"Ni ma an sha tambayata! Shekara ashirin da biyu ina nan, kin taɓa jin na yi kuskure?"

Na taɓa gani, har sau uku, amma wannan karon na kama bakina.

Bayan sati guda aka manna suna a allo. Mai kwat ne. Ranar da ya fara aiki ni aka ce in nuna masa inda ake kwance murfin kwalba. Ba shi da laifi, yaron kirki ne, har yana ce min Anti, wannan kuma ya fi komai ƙona min rai. Yaya ta ce ba za ta ce komai ba, sannan ta yi awa biyu tana cewa.

Babbar Nas ta tare ni a matattakala. "Na tsaya miki, amma biyu sun fi ɗaya. Sai dai na gaya musu, kwalabena ke kaɗai za ki riƙa taɓawa. Wanda zai faɗa min ya ɓata nake so, ba wanda zai bar ni in gano a jikin jariri ba."

"Na gode, Sista. Ɗakin reno fa?"

Ta girgiza kai. "Doka ce, 'yata. Ba hannuna a ciki."

Wato aiki ya ƙaru, taga kuwa babu.

Ranar hutuna na goya 'Yar Kwalba na nufi tsohon siton, rabona da shi shekara huɗu. Na sami Tsoho a kan benci yana kwance butar lantarki, gashinsa ya ƙara fari. Ko zama ban yi ba.

"Baba, kun cuce mu. Kun koya mana buɗe komai, ba ku koya mana rufe baki ba. Kun sake mu da takarda ɗaya kamar rasit ɗin kanti. Ga hannun 'yata, duba! Da maki kuka ba ni ko na jabu ne, da yanzu tana inda nake ganinta."

Ya bar ni na zazzage tas. Sannan ya ce, "Kin rubuta?"

"Me zan rubuta?"

"Kuskuren."

"Ai ban san wanne ne ba! Faɗar gaskiyar?"

"Idan shi ne, rubuta shi."

Na ɗauki biro a kan bencinsa. Na tuna jariran da suka kwanta lafiya a kwalba mai lamba huɗu tun bara. Biron ba zai yarda ya rubuta wannan ba, na sani, kuma haushin sanin ya fi haushin Oga.

Tsoho ya ajiye sukuddireba ya jawo nasa littafin, wani kumburarre da aka ɗaure da roba. Ya yi rubutu a hankali, ya karanta da ƙarfi kamar ranar Alhamis: "Na ƙi shirya yarana su zauna jarrabawar hukuma saboda ina jin haushin masu shirya ta. Haushina ne, su suka biya." Ya ɗago. "Akwai ta masu sana'a nan da wata biyar. Ki zauna. Zan yi miki bita, ko da zan toshe hanci."

"Wata biyar ɗin fa, ina zan kai ta?"

Iya, matarsa, ta leƙo daga ɗakin baya inda take renon 'ya'yan malaman makarantar su huɗu. "Kawo ta nan, ke kuma sarkin faɗa."

Na sha rantsewa 'yata makarantar maki za ta yi, mai jarrabawa da lambar yabo da tambari a takarda. Na shiga ɗakin na duba shi kamar na'urar da aka kawo gyara. Soket duk suna sama da kafaɗata. Ƙofa da sakata. Babu dutsen guga, babu waya a ƙasa. Ba ya kallon wajen aikina, mota biyu zan hau kullum kafin in iso, amma na rasa abin kushewa.

"Da sharaɗi," na ce. "Reno kawai. Kar wanda ya ba ta baƙin littafi."

"Shekararta uku," in ji Tsoho. "Ko biro ba ta iya riƙewa ba."

Sati biyu bayan nan, ina zaune da takardun bita da safe, Yaya tana taya ni haɗa jakar yarinya, sai ga 'Yar Kwalba ta fito daga ɗaki da takalmi a juye, na dama a hagu. Ta tsaya a gabanmu ta haɗe hannu a baya.

"Mama, na yi kuskure. Sauri na yi."

Yaya ta saki jakar. "Shi ke nan, an gama da wannan ma."

Na durƙusa na cire takalman, na ajiye mata su a gabanta.

"To gyara," na ce. "Kuma ki yi maza, kar mota ta wuce mu."