Keken Baba Mita

Ana cikin fitar da katifa ta biyu ne 'yar Baba Mita ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi keken da ke jingine a bangon tsakar gida, sannan ta dubi mahaifinta.

"Baba, mun fa yi maganar nan."

"Mun yi, Uwata."

"Gidanmu a hawa na uku yake. Mai gidan ko bokiti ba ya yarda a bari a matattakala."

"Na ji. Ai ban ce a sa shi a mota ba."

Yana zaune a kan kujerar roba, ita kaɗai ce ba a ɗauke ba, da tsumma a hannunsa. Tun da safe ya goge keken sau biyu, kuma babu abin da ya rage na gogewa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana bin gidaje yana karanta mitar ruwa, har aikin ya zame masa suna, yaro da babba Baba Mita suke ce masa. Shekara ashirin da tara daga ciki a kan wannan baƙin keken ya yi su. Da ya yi ritaya, keken bai yi ba: kasuwa, asibiti, gaisuwar rasuwa, duk tare suke zuwa.

Idonsa ne ya raba su. Likita ya ce ciwon yana cin gefen gani a hankali, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Yanzu gabansa kawai yake gani, kamar mai leƙe ta bututu. Mako uku da suka wuce wata mota ta fito ta hagunsa bai gan ta ba, ya tashi da gurjewa a gwiwa da fasasshen tabarau. 'Yar ta yi kuka a asibiti. Surukinsa ya ce ɗaki yana nan babu kowa, kuma tun rasuwar Mama bai kamata a bar Baba shi kaɗai ba. Yau ce ranar tashi.

"Zan kai wa Mai Faci," in ji shi, ya miƙe.

Surukin ya leƙo daga bayan motar kaya. "Baba, a ɗora shi a sama mana, mu sauke a hanya."

"Bar shi, na gode. Da ƙafarsa zai je."

'Yar ta biyo shi har ƙofar gida. "Turawa fa, Baba, ba hawa ba."

"Turawa."

"Ka yi mini alkawari."

"Na yi, Uwata. Je ki kula da kwanukan mamarki, kada su fasa."

Bai saba tura keke ba. Feda ta buge masa ƙwauri sau biyu kafin ya fita daga layinsu. Da ƙafa titin ya ƙara tsawo, ga gidajen suna tahowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya san shi ta mitarsa. Ga gida mai koren ƙyaure, inda mitar take bayan kejin kaji. Ga wanda karensa ya yaga masa ƙafar wando, matar gidan ta zauna ta ɗinke da hannunta tana ba shi haƙuri. Wancan kuma an rushe shi, an yi shagon sayar da waya. A wancan zamanin kafin azahar ya gama gida tamanin, littafi a aljihu, biro a bayan kunne, iska tana kumbura masa riga.

A kan gangaren da ke sauka zuwa gada ya tsaya. Nan ne wurin da yake daina tuƙi, ya saki ƙafa, keken ya tafi da kansa. Ya waiga, babu wanda ya san shi. Ya ɗora ƙafar hagu a feda, hannuwansa suka kama inda suka saba kamawa. Sai wani babur ya gifta ta gefensa, kusa har ya ji zafin injin, bai kuwa gan shi ba sai da ya wuce. Sannan ya sauke ƙafar, ya gangara yana riƙe da birki.

Rumfar Mai Faci tana nan yadda take: tayoyi a rataye, daron baƙin ruwa na neman huji, benci mai ƙafa uku da bulo. Mai Faci, wanda tumbinsa ya girma tare da sana'arsa, yana tsugune a kan wata sarƙa.

"Mita, yau kai ne ka ɗauko shi ko shi ya ɗauko ka? Faci ko iska?"

"Babu ko ɗaya."

Mai Faci ya ɗago kai ya dube shi sosai, ya goge hannu a wando, ya jawo masa bencin.

"Yau ne ashe."

"Yau ne. Suna can suna loda kaya."

"Sayarwa ko ajiya?"

"In ka ajiye shi tsatsa ce za ta cinye shi. Sayarwa kuma ba zan iya ba. Ka ba wanda zai hau."

Mai Faci ya yi ɗan tunani. "Akwai mai gadin makarantar can ta bayan gada. Magidanci ne, 'ya'ya biyar. Kullum da ƙafa yake zuwa daga ƙarshen gari, takalminsa ma ni nake liƙe masa."

"Yana da hankali?"

"Ya fi ka."

Baba Mita ya yi murmushi, ya dafa sirdin da ya lotsa daidai zamansa. "Ka gaya masa birkin baya sai an ja shi sau biyu. Kada ya bar shi a ruwan sama. Sarƙar kuma kowane mako a ɗiga mata mai, ba ta son da yawa."

"Ni kake koya wa? Wa ya sa birkin?"

"Shi ya sa ba ya ci."

Suka yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. Ya so ya ce a roƙi mai gadin, in ya bi ta layin 'yarsa wata rana, ya ɗan buga ƙararrawa. Sai ya tuna hawa na uku ne, ga hayaniyar motoci, ya bar maganar a cikinsa. Ya zaro makullansa, ya sa farce yana cire ƙaramin makullin keken daga zoben. Farcen ya ƙi. Mai Faci ya kawar da kai, ya bar shi ya yi fama har makullin ya fita.

"To," in ji Baba Mita. Ya ajiye makullin a kan benci, ya miƙe. Ya rasa inda zai sa hannuwansa, ya zuba su a aljihu.

"Ina za ka?"

"Gida. Suna jirana."

"Da wannan idon za ka tsallaka babban titi cikin ranar nan? 'Yarka ta zo ta rushe mini rumfa?" Mai Faci ya ɗauki makullin, ya jawo keken. "Hau in kai ka. Ai ba ka yi alkawarin ba za a goya ka ba."

"Ni a baya?"

"Sai a ina?"

Ya tsaya yana duban kariyar ɗaukar kaya da ke bayan sirdi. Buhu ya ɗaura mata, da tukunyar gas, har da keken ɗinki, amma shi bai taɓa zama a kai ba. Ya tattare riga ya hau. Keken ya yi tangaɗi, Mai Faci ya yi nishi, suka miƙa.

Ƙarfen ya fara cin cinyarsa tun kafin su kai gada. Kowane rami sai ya ji shi har ƙashin baya. Babu abin gani a gaba sai bayan mutum da gumi a riga. A nan uwar yara ta zauna shekara da shekaru, a karkace, jaka a cinya, ranar awo da ranar kasuwa da ranar da ya kai ta asibiti ba ta dawo ba. Ko sau ɗaya ba ta ce da zafi ba. Takan riƙe gefen rigarsa da yatsu biyu, tana yi wa bayansa hira, shi kuwa rabi yake ji, rabi iska ta tafi da shi.

Ya lalubi gefen rigar Mai Faci ya riƙe.

"Ka yi shiru, Mita. Lafiya?"

"Lafiya."

Suka iso mararraba. Dama ita ce gida, minti biyar. Hagu sai an zaga ta bayan asibiti da tsohon ofishin ruwa.

"Mai Faci, kana da sauri ne?"

"Ni? Wa ke jirana?"

"To bi ta hagu."