Zoben da Gwani Ya Gyara

Duk garin Galway babu mai surutun zobe kamar Fiachra Conneely. Maƙerin azurfa ne, amma bakinsa ya fi gudumarsa aiki. Baƙo zai shigo shagonsa neman ɗan kunne, ya fita da tarihin kowane ƙullin ado da ke jikin azurfar. Mai kusurwa ukun nan, yau ƙasa ce da teku da sama, gobe in mai sayen ɗan coci ne, ya koma Triniti, wato Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ya haddace soyayya a jikin azurfa, ga shi ya haura hamsin yana dafa wa kansa dankali.

Ba wai ba ya so ba ne. Yana son Gobnait Faherty mai kifi a tsallaken titi, son da ya hana shi sukuni, sai dai zoben Claddagh ɗinta ya tare hanya. Zobe ne mai siffar hannaye biyu riƙe da zuciya, kambi a sama, tsinin zuciyar na kallon jikinta tun da teku ta cinye mijinta. Ko yaro ya san ma'anar haka: zuciyar da mai ita. Fiachra ya zauna jira.

Wata Asabar da hantsi, shagon maƙil da 'yan Amurka masu neman asalin kakanninsu, sai ga Gobnait ta shigo. Ta gyara gashi, babu ko ƙarnin kifi a jikinta. Ta ɗora hannun dama a gabansa, tsinin zuciyar na kallon waje.

"Fiachra, duba mini zoben nan."

Ya duba, ya waiga ya ga 'yan kallo, sai malanta ta motsa.

"Haba Gobnait, har da ke? Haifaffiyar bakin tekun nan? Ai a juye kika sa shi. Jama'a, ku matso ku gani. In mace ta sa shi haka, cewa take ƙofa a buɗe take, mai so ya shigo."

"To," in ji ta.

"Gaggawar safiya ce, na sani." Ya zare zoben, ya goge da tsumma, ya juya shi, ya mayar mata a yatsa da kansa. "Yawwa. Yanzu babu mai damun ki."

Baƙi suka tafa, wata har da ɗaukar hoto.

Gobnait ta daɗe tana kallon yatsanta, kunnuwanta sun yi jajir.

"Sannu da ilimi," ta ce. "Tunda gwani ya sa, haka zan bar shi."

Sai da ya gama naɗe wa baƙi sarƙoƙinsu sannan ya gane dominsa ta juya zoben. Ya tsallaka titi a guje. Ya same ta ta ɗaure gashi tana feɗe kifi.

"Gobnait, ko in sake duba zoben?"

Ba ta ko ɗago ba.

"A'a. Kai ka ce babu mai damuna."