Robar Man Kaɗanya

Duk wanda ya san Hadassah a unguwar Narayi da ke Kaduna, fara ya san ta. Fari kuwa na a gani a sake waiwaye, wanda idan ta shigo coci ranar Lahadi da lemarta a hannu sai matan zumunta su riƙa taɓa juna. Mijinta Boniface, mai shagon kayan gyaran mota a Kakuri, haka ya gan ta, haka ya aure ta, haka kuma yake tutiya da ita a gaban abokansa. Abin da bai sani ba shi ne, can Pankshin inda aka haife ta baƙa ce wuluk, baƙi mai kyau irin na mahaifiyarta da ta rasu. Hotunan wancan lokaci ta daɗe da ƙona su.

Farin nan aikin Anti Juliana ne, wata mai shagon kayan kwalliya a bayan kasuwar Sabon Tasha. Da hannunta take haɗa man bilicin ɗin: ta matso wannan, ta fasa waccan kwalba, ta juya da cokali har ya yi laushi, ba suna ba takarda. Tun tana budurwa Hadassah ta fara. Ta taɓa gwada bari, sai fuskarta ta feso da ƙuraje, wuyanta ya rine fiye da na da, ta koma shagon a guje. Anti Juliana ta sheƙe da dariya ta ce, "Ai na faɗa miki, ƙanwata. Man nan ba ya son a yi masa yaji."

Kuɗi kam yana ci, rabin albashinta na sakatariyar makaranta can yake tafiya. Amma kuɗin ne mafi sauƙin abin da take biya. Ba ta shiga rana, ba ta daɗewa gaban murhu. Fatarta ta yi siriri har korayen jijiyoyi sun fito mata a cinya, ɗan karce kaɗan sai ya zama ciwo. Gaɓoɓin yatsunta kuwa sun ƙi jin magana, suna nan baƙaƙe, shi ya sa kullum hannunta a dunƙule yake idan tana cikin mutane. Sai kuma ɓoyo. A cikin wata roba ruwan ɗorawa ta man kaɗanya take juye man, ta cakuɗa shi da ɗan kaɗanyar don ƙamshi, ta ɗora can saman kabad. Boniface, Allah sarki, har yabonta yake yi wai matarsa ba ta shafe-shafen zamani.

Da haihuwa ta zo sai da aka yi mata aiki aka ciro yaron, aka sa masa suna Kosisochukwu, ana kiransa Kosi. Da yake ba ta da uwa, surukarta ce ta taso daga ƙauyensu na kudu don ta yi mata hidimar jego yadda al'adar Ibo ta tanada. Tsohuwar ta yi shekaru a Kakuri lokacin da marigayi mijinta ke aikin masaƙa, don haka Hausa a bakinta ba a magana. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta karɓi jikanta, ta lanƙwaso kunnensa ta duba bakin kunnen, ta duba gindin farcensa, yadda tsofaffi ke yi don su san launin da jariri zai tsaya a kai.

"Kai, wannan ubansa ya kwaso," in ji ta. "Baƙi ne. Na so ya ɗan samu haskenki, 'yata, amma ba komai."

Hadassah ta yi ajiyar zuciya a ɓoye. Tunda uban baƙi ne, ba wanda zai yi tambaya.

Ɗinkin nata ya ƙi kamawa. Sau da yawa ana komawa asibiti, kuma kowane zuwa nas ɗin da ke wanke ciwon sai ta dubi fatar cikin, ta dubi fuskar Hadassah, ta ci gaba da aikinta. Hadassah ta daɗe a kwance, miƙa hannu sama ma ya gagare ta. Shi ya sa ta roƙi Boniface ya sauko mata da robar daga saman kabad, ta ajiye ta a tagar banɗaki inda za ta riƙa shafawa bayan wanka ba tare da ido ya gan ta ba. Mama kuwa, wato surukar tata, ta karɓe komai na yaron. Kowace safiya tana baranda da baho da ruwan ɗumi, ta wanke shi, ta miƙe masa gaɓoɓi, ta mulke shi da mai tun daga wuya har tafin ƙafa tana yi masa waƙa da yarensu. Daga kan gado Hadassah na jin waƙar, har takan yi ƙwalla don tuna tata uwar.

Sai yaro ya fara haske. Kumatunsa suka cika suka yi tantsan-tantsan, fuskar ta zama kewayayya, har wuyan ya ɓace. Maƙwabta masu zuwa barka suna ta santi. "Kai, wannan yaro yana shan nono! Ga shi ya ɗauko farin uwarsa." Mama tana dariya tana cewa a duk jariran da ta yi wa wanka, wannan ne na farko da kunne ya yi mata ƙarya. Boniface ya ɗauki hoto ya aika wa dangi kaf.

Hadassah ma ta yi murmushi tare da su. Sai da ɗakin ya watse ta zauna tana kallon ɗanta. Ita kaɗai ta san ba ta da farin da za ta ba shi. Ta tuna kuma robar nan tana saurin yin ƙasa kwanan nan, ita kuwa tana ta ɗora laifin a kan nata hannun.

Washegari da ta ji waƙar ta fara, ta lallaɓa ta dafa bango ta fito. Mama na zaune a kan kujera 'yar tsuguno, Kosi kwance a cinyarta, robar nan ruwan ɗorawa a buɗe kusa da ƙafarta. Ta lakato da yatsu biyu, ta murza a tafi, ta bi bayansa da shi, ta bi matsematsin cinya, ta bi inda kunzugu ke rufewa.

"A'a, kin tashi? Sannu, 'yata," in ji Mama. "Kin ga kaɗanyarku ta Arewa ta fi tamu laushi. Wadda na zo da ita ta ƙare tun tuni, sai na ga taki a taga."

Maganar na nan a bakin Hadassah, ta zo har kan harshe. Sai ta hango fuskar Boniface, ta hango matan zumunta suna taɓa juna, wannan karon da wata manufa daban. Ta ce, "Sannu da aiki, Mama." Ta tsaya a bakin ƙofar har aka gama shafa masa.

Da rana ta ce za ta je a duba ɗinki, ta hau keke napep sai Sabon Tasha. Anti Juliana na jin labarin ta daina juya cokalin da ke hannunta.

"Wanne daga ciki? Mai ƙarfin nan naki?"

"Shi."

"Tun yaushe?"

"Ban sani ba, Anti. Ya daɗe."

Anti Juliana ta leƙa waje, ta rage murya. "To ki ɗauke shi kawai, shi ke nan. Yaro ne, zai warware. Abeg, don Allah kada sunana ya fito a bakinki."

A bakin kasuwa Hadassah ta sayi man kaɗanya na gaskiya. Ta koma gida ta juye nata a wani gwangwani ta tura ƙarƙashin gado, ta wanke robar tas, ta cika ta da kaɗanya, ta mayar taga. Ba wanda ya gani, ba wanda ya ji. Ta ji kamar an sauke mata kaya, har tana gaya wa kanta cewa dabara ta yi. Ita da ta san da jikinta abin da man nan ke yi wa wanda ya bar shi rana tsaka, ko kaɗan ba ta kawo wa ranta cewa jikin ɗanta ma ya saba da shi ba.

Kwanaki kaɗan Kosi ya fara ƙin nono. Idan ya kama sai ya saki, ɗan abin da ya sha ya dawo da shi. Mama ta ce ko ciwon ciki ne, ta gasa masa cibiya, ta yi addu'a a kansa. Abin da ya fi tayar wa Hadassah hankali shi ne shirun. Yaron da kukansa ke kaiwa gida na uku, yanzu sai dai ya buɗe baki ba sauti. Ran nan da hantsi Mama ta ɗaga hannunsa a wurin wanka, ta saki, hannun ya faɗi yaraf. Waƙar ta tsaya. Ta ƙwala kira, "Hadassah! Kira mijinki!"

A wani asibiti da ke Barnawa suka haɗu da Boniface, ya baro shago a buɗe, hannunsa duk baƙin mai. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta kwantar da yaron ta tuɓe shi. Ta daɗe tana duban kumatun nan da kowa ke yabo. Ta shafa wani siririn gashi da ya fito masa a goshi da kafaɗa, ta buɗa cinyarsa ta ga jajayen layuka irin nankarwar masu ciki. Ta sa nas ta nemi jijiya, jijiyar na ta ɓacewa.

"Me kuke ba yaron nan? Ko me kuke shafa masa?"

"Nono kawai, likita," in ji Mama. "Sai man kaɗanya. Ni nake masa wanka da hannuna, ban yarda da kayan kanti ba." Ta zaro robar daga jakar kayan yaron ta miƙa.

Likita ta buɗe, ta shinshina, ta murza a yatsa. Kaɗanya ce tsantsa. Ta rufe ta ajiye, fuskarta ta ƙara nauyi.

"Ku saurare ni da kyau. Jikin yaron nan ya yi mini kama da na wanda aka daɗe ana shafa wa mai mai ƙarfi, aka kuma tsayar farat ɗaya. Idan haka ne, akwai allurar da zan yi masa yanzu-yanzu. Idan ba haka ba ne, sai mu shiga gwaje-gwaje muna lalube, kuma ban ga alamar zai jira mu ba."

"Ba mu da irin wannan a gidanmu," in ji Boniface. "Matata ko hoda ba ta dame ta ba."

Robar na kan tebur tana ba da shaida a madadinta. Hadassah ta ga cewa idan ta yi shiru, ba mai kama ta har abada. Tsoro ya kama ta, ba na tonon asiri ba wannan karon, tsoron kanta ne, don ta ji a ranta cewa tana iya yin shirun. Likitar ba fuskarta take kallo ba, hannunta take kallo, wanda ke dunƙule a kan cinya. Hadassah ta buɗe hannun a hankali, baƙaƙen gaɓoɓin suka bayyana.

"Man bilicin ne," in ji ta. "Nawa ne. A cikin robar nan nake ɓoye shi. Shi aka yi ta shafa masa, na canza shi da kaɗanya ban gaya wa kowa ba."

Likita ba ta tsaya faɗa ba. Ta sunkuci yaron ta yi ciki tana kiran sunan allura, nas na biye da ita, ƙofar ta rufe.

Boniface ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ya koma jikin bango ya tsuguna ya dafe kai. Mama kuwa ta zauna a kan benci, ta ɗora hannuwanta biyu a cinya tana juya su. Sai yanzu Hadassah ta lura: bayan yatsun tsohuwar ya yi fari-fari, dabbare-dabbare, har zuwa wuyan hannu.

"Na ɗauka ruwan Kaduna ne," in ji Mama a hankali. "Ashe da hannuna nake yi masa. Ina yi ina masa waƙa."

Daga can ciki aka ji wani ɗan siririn kuka, ya tsaya, ya sake tashi. Ba wanda ya motsa a cikinsu. Mama ta ɗago kai, idonta a bushe.

"'Yata, ran nan da kika tsaya a bakin ƙofa kika ce mini sannu da aiki. Kin sani?"

"Na sani, Mama."